Tsuntsun da Bai Ja Ruwa Ba

 

A wannan makon za mu leƙa wata magana da a farkon ji za a ɗauka ta nishaɗi ce, amma in aka bi ta a hankali sai a ga ta taɓo sana'ar da yawancinmu muke ci da ita, wato saye da sayarwa. Maganar aku ce da danginsa. A yau akwai manyan birane a Turai da Amurka inda waɗannan tsuntsaye suke yawo sakaka, ba keji ba mai su, suna sheƙa a bishiyoyin unguwanni da kan falwayoyin lantarki, suna ƙyanƙyasa, suna ta yaɗuwa. Can ɗin ba ƙasarsu ba ce, kuma ba su suka kai kansu ba, mutane ne suka sayo su da kuɗinsu. Yanzu da suka yi yawa, mutanen ne kuma suke zaman shawara a kan ko a kashe su ko a bar su.

Tambayoyi biyu muke so mu duba. Ta farko, shin daidai ne ka ɗauko halitta daga gidanta, in ta dame ka kuma ka kashe ta? Ta biyu ita ta fi kusa da mu: shin alhakin ɗan kasuwa yana ƙarewa ne da zarar ya karɓi kuɗi, haja ta bar hannunsa?

Yadda suka je can

Duk wanda ya tashi a karkarar Arewa ya san tsirya. Koriya ce shar, ga baki ja-ja, ga doguwar wutsiya, namijin da zobe a wuya. Mazauninta na asali ya faro daga Senegal, ya ratsa ƙasar Hausa har zuwa Sudan, sannan akwai 'yan uwanta a Indiya da Pakistan. A kogon bishiya take yin ƙwai. To, wannan tsiryar ce a yau ta cika unguwannin gefen Landan, musamman kudu da yammacin birnin, wajen Richmond da Kingston. A shekarar 1969 aka ga ta fara ƙyanƙyasa a waje a yankin Kent, yanzu kuwa maganar dubun-dubata ake yi. Da magariba sukan taru dubbai a kan dogayen bishiyoyi su kwana, kukansu ya cika unguwa.

Mutum zai ce, yaya tsuntsun ƙasar zafi ya jure sanyin Ingila? Binciken jini ya nuna yawancin na Turai asalinsu daga arewacin Indiya da Pakistan ne, inda dama ana sanyi sosai. Ga shi kuma Turawa suna da al'adar rataya gyaɗa da tsaba a bayan gida saboda tsuntsaye, ga tsofaffin bishiyoyi masu kogo a lambunan shaƙatawa. Abinci ya samu, makwanci ya samu, sai hayayyafa.

Mutanen Landan suna da labarai a kan wanda ya fara sakin su. Wasu su ce wani mawaƙin Amurka ne, Jimi Hendrix, ya saki guda biyu a tsakiyar birni. Wasu su ce daga wajen ɗaukar wani fim suka tsere. A 2019 masana suka bi diddigin wuraren da aka riƙa ganin tsuntsayen shekara da shekaru, suka gano ba mutum ɗaya ba ne. Mutane ne barkatai, wannan nasa ya kuɓuce, wancan ya gaji da nasa ya buɗe taga. Wasu kuma tsoro ne ya sa suka sake su, lokacin da jaridu suka yi ta yayata wata cutar zazzaɓi da ake ɗauka daga aku, wajen 1930 da kuma shekarun 1950. A riƙe wannan, don za mu dawo kansa. A Brussels ta ƙasar Beljiyam kam an san mafari: a 1974 mai wani gidan namun daji ya saki kimanin 40 da gangan, wai don birni ya yi kyau. Yau dubbai ne.

Akwai kuma wani ɗan ƙaramin aku, kore mai toka-tokan ƙirji, ɗan asalin Ajantina da Yurugwai da maƙwabtansu. Shi ba ruwansa da kogo, da ƙirare yake gina sheƙarsa. Sheƙar ma kamar gidan haya take, kowane miji da mata da ɗakinsu da ƙofarsu, ana ta ƙari shekara bayan shekara, har guda ɗaya takan kai kilo 200, nauyin buhun shinkafa huɗu ke nan. Tsakanin 1968 da 1972 kaɗai an shigar da fiye da 60,000 Amurka. Sifaniya ta sayo sama da 100,000 kafin a rufe ƙofa. Tsuntsu ne mai araha, amma ga ƙara, don haka da yawa daga waɗanda suka saya ba su daɗe ba suka ƙosa. Yau yana da sheƙa a kan ƙofar maƙabartar Green-Wood a Niyok, yana nan a unguwar Hyde Park ta Shikago inda ƙanƙara ke zuba, a Madrid kuwa ƙidayar 2019 ta ba da kimanin 13,000.

Ɓarnar ba ƙage ba ce

Kafin tausayi ya ɗebe mu, ya kamata mu faɗi gaskiyar masu kuka da su. A birnin Seville na Sifaniya, wanda littattafan tarihi ke kira Ishbiliya, akwai wani lambu mai suna María Luisa inda jemage mafi girma a Turai yake zaune a kogunan bishiyoyi. Jemagen nan dama ƙaranci yake yi. Da tsirya ta zo, sai ta shiga ƙwace kogunan. Tsakanin 2003 da 2017 sheƙunanta suka ninka sau 20, bishiyoyin da jemagu ke ciki suka ragu da kashi 81 cikin ɗari. Masu binciken sun ga tsirya da idonsu tana kai wa jemagu hari, sun kuma tsinci gawarwakinsu a gindin bishiyoyi. Kun ga a nan akwai wata halittar da ita ma take da haƙƙin rayuwa, ita ce ma 'yar gida.

Shi kuma mai ginin ƙirare yana son falwaya da taransifoma. In ruwan sama ya jiƙa sheƙar sai waya ta haɗu, wuta ta ɗauke, wani lokaci har gobara. A jihar Florida ta Amurka kamfanin lantarki ya daɗe yana fama da wannan, in an rushe sheƙa ba a jimawa sun sake ginawa. Ga tsoron kada sheƙa mai nauyi ta karyo reshe ta faɗo wa mai wucewa. Ga manoma, don a Indiya tsirya tana cikin manyan masu ɓarnar gona, a Ajantina ma haka manoma suke kallon nasu.

Shi ya sa daga watan Janairun 2010 hukumomin Ingila suka sa tsirya cikin tsuntsayen da aka yarda a kashe in suna ɓarna. Hukumar birnin Madrid ta ware kusan Yuro miliyan 3 ta fara aikin rage su a 2021, da raga, da lalata ƙwai, da bindiga mai aiki da iska. Da hoton bidiyo ya fita na ma'aikata suna harbin su a wani lambu, mutane da yawa suka harzuƙa. Irin haka ta faru a jihar Connecticut ta Amurka a 2005, inda aka kama fiye da 100 daga kan falwayoyi aka kashe su da iskar gas, mazauna unguwannin suka fito suna zanga-zanga.

Laifi daban, cutarwa daban

Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. To, ga tsuntsun da bai ja ruwa ba, amma shi ruwan yake duka. Masu cewa a bar su a nan suka kafa hujja, kuma hujjar tana da ƙarfi. Tsirya ba ta yanki tikiti ba. An kamo ta, an cusa ta a akwati, an sayar, an gaji da ita, an sake ta, ita kuma ta yi abin da aka halicce ta a kai: ta nemi abinci, ta nemi kogo, ta yi 'ya'ya. Ina laifinta? Babu. Duk wanda yake magana a kan tsuntsayen nan kamar wasu 'yan fashi da suka shigo gari da mugun nufi, ya juya labarin ne don ya huta da tuna wanda ya kawo su.

Sai dai rashin laifi bai kawar da cutarwa ba. Mu da muka fito daga gidajen noma mun san jan-baki. In garkensu ya sauka a gonar shinkafa ko gero a Hadeja ko Kebbi, babu mai cewa tsuntsun yana da mugun hali, yunwa ce ta kawo shi. Amma babu mai zargin manomin da ya kare gonarsa, har gwamnati takan turo jirgi ya yi feshi. Hukunta mai laifi abu ne daban, tunkuɗe cuta abu ne daban. Wanda ya ce kada a taɓa tsirya ko ɗaya a lambun Ishbiliya, ya sani ko bai sani ba ya yanke wa jemagen hukunci. Shi jemage ba shi da kyan launi, ba ya zuwa tagar kowa cin gyaɗa, shi ya sa masu kare shi ba su da yawa. Tausayin da kyan gashi kaɗai yake bi, akwai gyara a cikinsa.

A ganinmu, in har za a ɗauki ran halittar da ba ta yi laifi ba, akwai sharuɗɗan da hankali ba zai yarda a tsallake ba. Na farko, cutarwar ta zama tabbatacciya, an gan ta, an auna ta. Ƙarar asuba da kashi a kan mota ba su kai a zubar da jini ba. A Ingila ma har yanzu bincike bai nuna tsirya ta yi wa tsuntsayen gida irin ɓarnar da ta yi wa jemagun Ishbiliya ba, don haka abin da ya dace a wancan lambun ba lallai ya dace a Landan ba. Na biyu, a fara da hanya mafi sauƙi: a gyara falwaya yadda ba za ta ɗauki sheƙa ba, a rage ƙwai, a daina zuba musu abinci, a ƙanƙance bakin kogo yadda ɗan gida zai shiga baƙo ya kasa. Na uku, in kisan ya zama dole, a yi shi da gaggawa ba azabtarwa, ba wasa, ba mai da shi nishaɗi. Na huɗu, wanda ake yawan mantawa, a yi shi da sanin cewa bashi ake biya. Al'ummar da ta sayo tsuntsu da hannunta ba ta da bakin yin alfahari ranar da take harbin sa.

Akwai wata gaskiya mai ɗaci a nan. Lokacin da tsuntsayen suke 40 ko 50, kama su a mayar da su wurin kiwo abu ne mai sauƙi, amma a lokacin kowa sha'awar su yake yi. Sai da suka kai dubbai aka farga, lokacin da ba sauran mafita mai daɗi. Jinkirin da aka yi da sunan tausayi shi ya jawo kisan da ya fi yawa. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Don kada a ɗauka hukunci ɗaya zai wadatar ko'ina, ga wani juyin. Akwai wani aku mai jan goshi ɗan arewa maso gabashin Meziko da kamu da saran daji suka kusa ƙarar da shi a gida. Jikokin waɗanda aka yi fataucin su suna nan dubbai a unguwannin Los Angeles da kudancin Texas, har masana na ganin na birni sun kai na dajin yawa ko sun fi. A Hong Kong akwai wani farin aku mai rawayar tukku ɗan Indonesiya, kimanin 200 suna zaune tsakanin dogayen gine-gine, alhali waɗanda suka rage a dajin ƙasarsu ba su wuce 'yan dubbai kaɗan ba. A irin waɗannan wurare baƙon birni ya zama ajiyar iri. Amma a lura, cinikin da ya kai su birni shi ne dai ya kwashe su daga daji. Ba za a gode wa ɓarawo don wani abu daga kayan da ya sata ya tsira a hannun mai saye ba.

Kowa ya ce ba shi ba ne

Mu koma kan abin da muka ce a riƙe. Mutane sun fi son labarin mawaƙi ɗaya da ya saki tsuntsu biyu, saboda in laifin na mutum ɗaya ne, kowa ya wanku. Gaskiyar kuwa sarƙa ce mai tsawo. Mai kamu a daji ya ce shi talaka ne, abin sawa a baka yake nema. Dillali ya ce shi bai hau bishiya ba, haɗa mai saye da mai sayarwa kawai ya yi. Mai fitarwa ya ce yana da takarda. Mai shago ya ce abin da kasuwa ke nema ya ajiye. Mai saye ya ce da kuɗinsa ya saya. Wanda ya buɗe taga ya ce 'yanci ya ba shi. Kowane ɗayansu in ka saurare shi kaɗai sai ka ga kamar yana da gaskiya. Amma in ka jera su, a farkon layin ga daji ya zama wayam, a ƙarshensa ga ma'aikaci da bindiga a lambu.

Mu 'yan kasuwa mun san wannan maganar ta "ni dai na sayar, sauran ruwansa". A kan wasu kayan haka ne. In ka sayar da bokiti, abin da mai shi zai zuba ba naka ba ne. Amma mun san akwai kayan da ba a faɗin haka a kansu. Mai sayen kayan sata ba ya kuɓuta don ba shi ya fasa shagon ba, ai saboda akwai shi ne ɓarawon ya fasa. Mai sayar da maganin da ya lalace ba ya kuɓuta don ba shi ya ɗura wa mara lafiya ba. Ƙa'idar a fili take: in ka san ta inda hajarka ta fito, ka kuma san inda galibi take ƙarewa, to kana da kaso a cikin duka biyun. Rabuwar alhaki tsakanin mutum goma ba ta mai da shi babu. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, ko da masu shi sun kai goma.

Akwai shaidar cewa bakin kasuwa shi ne bakin famfon. Amurka ta yi dokar taƙaita shigo da tsuntsayen daji a 1992. Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da su a 2005 saboda murar tsuntsaye, ta mai da dokar ta dindindin a 2007. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cinikin tsuntsayen daji na duniya da ake rubutawa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari, daga kimanin miliyan 1.3 a shekara zuwa 130,000. Da mai saye ya janye hannu, tarkuna da yawa suka koma rataye. Wato kowane mai saye da kowane dillali yana da nauyi a ma'auni, ko da shi yana ganin kansa ƙwaya ɗaya ce a cikin buhu.

Namu na gida

Wani zai ce wannan ai matsalar Turawa ce. To, daga ina ake kamo tsuntsayen? Yammacin Afirka yana cikin manyan wuraren da aka daɗe ana kwasa. A ƙarshen watan Yulin 2025 jami'an kwastan suka kama tsuntsaye fiye da 1,600 a filin jirgin sama na Legas, tsirya da kanari, za a kai su Kuwait ba takardun izini. Tsiryar tamu ce, irin wadda ke kuka a bishiyoyin garuruwanmu.

Sai kuma shi aku na ainihi, mai ruwan toka da jar wutsiya, wanda duk wanda ya karanta Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ya san shi a matsayin waziri mai bakin magana. Gidansa dazuzzukan nan ne na Kudu da muke zaune kusa da su, daga Neja Delta da Kuros Riba zuwa Kamaru da Kwango, yana cin 'ya'yan kwakwar manja. Tsuntsu ne mai kaifin ƙwaƙwalwa. Wata masaniya a Amurka, Irene Pepperberg, ta yi shekara 30 tana aiki da wani mai suna Alex, wanda kafin ya mutu a 2007 ya san kalmomi fiye da 100, yana bambance launi da siffa. Aku yakan yi shekara 40 zuwa 60 a hannun mutane. A daji cikin garke yake rayuwa, miji da mata sukan daɗe tare, ƙwai kaɗan suke yi a shekara. Irin wannan halittar in aka kwashe ta ba ta saurin mayar da gurbi.

An kuwa kwashe ta. Daga 1975 an fitar da fiye da miliyan 1 daga Afirka ta hanyar da aka rubuta, ban da ta ɓoye. A Ghana bincike ya nuna tun daga 1992 sun ragu da kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari. Yadda ake kamun ma abin dubawa ne. Ana shafa danƙo a sanda, a ɗaure wani akun a kusa yana kuka, 'yan uwansa su sauko su manne. Ko a hau bishiya a kwashe 'ya'yan daga kogo, wani lokaci a sare bishiyar gaba ɗaya. An ƙiyasta kashi 30 zuwa 60 cikin ɗari suna mutuwa tun kafin a fitar da su daga ƙasa, saboda cunkoso da ƙishirwa da rauni. Ke nan akun nan guda da ke gaida baƙi a ƙofar gida, wataƙila wani ɗan uwansa ya mutu a hanya kafin shi ya iso. A watan Oktoban 2016, a taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannesburg, ƙasashen duniya suka haramta cinikin akun da aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa, kuma Najeriya tana cikin wannan yarjejeniya.

Mun san abin da za a ce, kuma ba mu raina shi ba. Za a ce rayuwa ta yi tsada, mai ɗauke da keji a bakin titi iyali yake ciyarwa. Gaskiya ne. Amma a duba wa yake cin ribar. Mai kamu da ƙaramin dillali ɗan abin da suke samu bai taka kara ya karya ba in aka gwada da farashin da tsuntsun ke kaiwa a ƙasashen waje, kuma su ne a gaba ranar da kamu ya zo. Sannan sana'ar da take cinye jarinta ba sana'a ba ce mai ɗorewa. Mai kiwon kaji ko tattabaru ko zabi yana sayarwa yana mayarwa. Mai kwasar aku daga daji ɗiba kawai yake yi, ranar da ya ƙare shi ma ya tashi.

Za a kuma ce ai ajiye tsuntsu ba haramun ba ne. Fatawa ta malamai ce, ga liman nan ga mai son ƙarin bayani. Abin da muka saba ji a karatu shi ne malamai da yawa sun halatta ajiye tsuntsu in za a ba shi haƙƙinsa, suna kafa hujja da ƙanen Anas ɗan Malik da yake da ɗan tsuntsunsa a Madina. A karatun dai muka ji labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da kuma lokacin da wasu sahabbai suka ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta a hanyar tafiya, Manzon Allah (SAW) ya ga yadda take kaɗa fukafukai cikin damuwa ya sa aka mayar mata. Mai hawa bishiya ya kwashe 'ya'yan aku daga kogo, da mai saye a hannunsa, su auna kansu da wannan.

Ga wanda yake da shi a gida

Kada wani ya karanta wannan ya je ya buɗe keji yana ganin lada ya samu. Labarin Landan da Brussels ya isa ya nuna mana saki ba koyaushe ne alheri ba. Tsuntsun da ya tashi a hannu galibi bai san neman abinci ba, bai san shaho ba, kwana kaɗan zai yi. In kuma ya rayu a inda ba gidansa ba, wata matsalar aka shuka wa na baya. Wanda ya riga ya ɗauki amana sai ya riƙe ta: keji mai faɗi da zai iya buɗe fukafukai, ruwa mai tsabta kullum, abinci iri-iri da 'ya'yan itace ba gyaɗa kaɗai ba, inuwa, da kulawa. Akun da ka ga yana tsige gashin jikinsa, sau da yawa kaɗaici ne da ƙunci suke cin sa. A hana yara tsokanar sa da tsinke. Wanda ya ga ba zai iya ba ya nemi masu kula da namun daji ya miƙa musu.

Wanda bai saya ba kuwa, shawararmu ya bar shi. In yaro ya nace yana son tsuntsu, ga tattabaru nan, kiwon gida ne, suna tashi su dawo da kansu. 'Yan uwanmu masu wannan harka su dubi Allah su fara neman wata hajar tun kafin doka ko ƙarewar tsuntsun ta tilasta musu, mu kuma da muke da hali mu taimaka musu da jari ko da hanya. Masu motocin dakon kaya tsakanin Kudu da Arewa su riƙa tambayar abin da ke cikin kwali mai huji kafin su ɗora.

Mutanen Madrid da Landan sun gaji matsalar da iyayensu suka saya da kuɗi, yanzu duk hanyar da suka bi sai wani rai ya salwanta. Mu har yanzu muna wurin da ƙin saye kaɗai yake iya hana abin faruwa. Allah Ya ba mu arzikin halal mai albarka, Ya sa mu zama masu tausayi ga duk abin da Ya halitta, Ya kare mu daga ɗaukar alhakin da ba za mu iya saukewa ba. Amin.

Wassalamu alaikum. Sai Juma'a mai zuwa in Allah Ya kai mu.

Daga Sakataren Masallaci